Tukunyata ta yi baƙi ta ciki, tasar tagulla kuma ta yi kore: da me zan wanke?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan gida, da fatan an yini lafiya. Don Allah taimako nake nema. Tukunyar dalma da nake dafa wake a ciki ta yi baƙi ƙirin daga ciki, ba ƙonewa ba ce fa, baƙi ne kawai daidai inda ruwa yake tsayawa, na sa omo na sa soson ƙarfe ko gezau. Sannan akwai wata tasa ta tagulla da uwar mijina ta ba ni ita kuma kore-kore ya fito mata a gindi da cikin zanen. Bana son sayen maganin kanti, abin da ke gida nake so.

Hajiya Umma: Wa alaikumus salam. Toka da yashi 'yata. Mu da shi muka tashi, ki tankaɗe tokar itace ki jiƙa ta kaɗan ki samu ɓawon kwakwa ko tsumman buhu ki dirza, tukunya sai ta koma kamar yau aka sayo. Yaran yanzu dai hannu ne ba kwa son sawa.

Ummu Sadiq: Hhhh Umma an fara ke nan. Maman Ilham tambaya ɗaya, kina sa kanwa a waken?

Maman Ilham: Eh ina sawa, in ba haka ba gas ɗina zai ƙare wake bai nuna ba

Ummu Sadiq: To ita ce. Kanwa ce ta baƙanta miki ita. Ki samu tsamiya kamar cikin hannu, ki zuba ruwa ya wuce inda baƙin ya tsaya, ki tafasa minti 10 zuwa 15, ki zubar ki wanke da sabulu. Ba sai kin dirji komai ba wlh. In babu tsamiya ɓawon lemun tsami ma yana yi ko guntun tumatir, amma tsamiya ta fi sauri kuma ta fi arha.

Hajiya Umma: Tsamiyar da za a yi kunu ita za a zubar a kwata? Toka fa kyauta ce.

Malama Rabi: Umma ki yi haƙuri in ɗan shiga, don wannan darasin da nake koyar wa 'yan SS2 ne. Ku duka biyun kuna da gaskiya amma ba wuri ɗaya ba. Kayan wanki na gida gida biyu ne. Akwai masu tsami: tsamiya, lemun tsami, khal, yakuwa, zoɓo. Akwai kuma dangin kanwa: ita kanwar, toka, bekin soda, sabulun salo. Dangin kanwa aikinsu cin maiƙo, shi ya sa toka take cire mai da baƙin hayaƙi a bayan tukunya, da ta haɗu da mai da ruwa kusan sabulu take zama, ga ta kuma da ɗan kaushi. Masu tsami kuwa aikinsu narkar da abin da ya fito daga jikin ƙarfen kansa ko wanda ruwa ya bari. Matsalar ita ce alminiyam, wato ƙarfen da ake zuba tukwanen nan da shi, ba ya shiri da dangin kanwa sam, suna cin fatarsa ta sama su bar shi da duhu. To in Maman Ilham ta jiƙa toka ta bar ta a cikin tukunyar tana ƙara abin da ya jawo baƙin ne. A baya kam, inda hayaƙin itace ya kama, toka babu kamarta, a dirza a ɗauraye nan take kar a bari ta kwana.

Hajiya Umma: To ai ni ban taɓa barin toka ta kwana a tukunya ba Malama

Malama Rabi: Shi ya sa naki suke ƙyalli Umma, ƙarfin hannu ne yake kankare saman gaba ɗaya. Amma yashi yana rage tukunya, duk dirza ɗaya ɗan ƙarfe ne ya tafi, kuma yana barin zane-zane da abinci zai riƙa maƙalewa.

Anti Balki Sakkwato: Mu nan abin da munka gada shi ne tun kahin a ɗora tukunya bisa murhu a shahe mata gindi da jiƙaƙƙar toka ko laka, wasu sabulu suka shafawa. In anka ƙare girki ruwa kawai za ki zuba baƙin ya bi shi ya tahi. Rigakahi dai ya hi magani, ranar biki in ba ki yi haka ba tukunya mai lamba 30 wa za shi dirje miki ita?

Ummu Sadiq: Anti Balki wannan gaskiya ne, masu abincin sayarwa duk haka suke yi

Fa'iza Kaduna: Ni fa tambayata daban. In tsamiya tana wanke baƙin tukunya a minti 15, to mu da muke dama kunun tsamiya da dafa zoɓo a irin tukwanen nan ina baƙin yake tafiya? Don na lura duk ranar da na dafa zoɓo tukunyar fes take fitowa, da ina murna ne ma

Malama Rabi: Cikin zoɓon yake tafiya Fa'iza. Babu wani wurin.

Fa'iza Kaduna: Innalillahi 😳

Maman Ilham: Kai Malama kar ki tsorata mu mana, duk Arewa a cikin tukwanen nan ake girki tun kakanni

Malama Rabi: Ba tsoratarwa ba ce, kuma ba tun kakanni ba gaskiya, kakanninmu tukunyar ƙasa suka sani, ta dalma daga baya ta zo. Shi alminiyam ɗin ɗan abin da ke shiga abinci a girki na yau da kullum ba wani abin tashin hankali ba ne ga mai lafiyar ƙoda. Inda hankali ya kamata ya je shi ne me aka narka aka zuba tukunyar. Masu zubi kayan bola suke narkawa, gwangwani, tsohon injin mota, ragowar tagogi, duk abin da ya samu, kuma wani lokaci a cikinsu akwai gubar dalma ta gaske, wato ƙarfen da ake kira lead, ba alminiyam ɗin da muke ce wa dalma ba. An yi bincike a Kamaru aka wallafa a 2014, irin tukwanen nan na zubi suka sayo a kasuwa, suka tafasa ruwan khal a ciki sannan suka auna ruwan, aka samu dalma ta fito daga da yawansu. Ku lura da abin da suka yi amfani da shi don su jawo ta, tsami. Shi ya sa ni shawarata, a yi wankin tsamiya in ya zama dole amma a zubar da ruwan, a ɗauraye, a tafasa farin ruwa sau ɗaya a zubar kafin a koma girki. Zoɓo da kunun tsamiya da miyar yakuwa kuwa in da hali a yi su a tukunyar silba, wato stainless, ko ta ƙasa, in babu hali to a juye da an sauke, kar su kwana a ciki.

Ummu Sadiq: Wannan dalmar ita ce ta Zamfara?

Malama Rabi: Guba iri ɗaya ce amma hanya daban, ta Zamfara a 2010 daga dutsen zinari ne da ake daka a cikin gidaje ƙurar ta shiga yara, ɗaruruwa suka rasu, Allah ya ji ƙansu. Ta tukunya ba ta kai ko kusa ba, kaɗan-kaɗan ce, sai dai ita dalma ga yaro ƙarami babu adadin da likitoci suka ce ba komai.

Hajiya Umma: To in haka ne a bar tukunyar da baƙinta mana, tunda wankin ma jawo abu yake

Malama Rabi: Wallahi Umma kin faɗi abin da nake kewaye-kewaye ban faɗa ba. Baƙin nan na ciki ba datti ba ne kuma ba ya cutarwa, muni ne kawai a ido. In ni ce tukunyar wake ta zauna tukunyar wake da baƙinta.

Maman Ilham: A'a fa, dangin miji su zo su leƙa kicin su ga tukunya baƙa? Za a yi da ni a gari 😂 zan wanke sau ɗaya dai in ware ta

Zuwaira Bida: Slm, na ga kun manta da tasar. Ni a Bida na girma kusa da maƙeran tagulla, kuma lemun tsami da gishiri shi ne abin da kowa ya sani. Ki raba lemo biyu ki dangwala a gishiri mai laushi ki goga, za ki ga ja ko ruwan ɗorawa yana fitowa a gaban idonki. Cikin zanen kuma tsohon buroshin haƙori. In tasar babba ce lemo zai yi miki tsada, ki jiƙa tsamiya ta yi kauri kamar kunu ki zuba gishiri ki shafe ta duka ki bari minti 5 haka sai ki goge. Abu biyu kar ki yi: kar ki bar tsamin ya bushe a jiki don zai bar dabbare-dabbare masu ja, kuma kar ki kife ta ta bushe da kanta, ki tsane ta da tsumma nan take, ɗigon ruwa ɗaya tabo ɗaya. In kin gama ki ɗiga man gyaɗa kaɗan a tsumma ki shafe in ta ado ce, za ta daɗe ba ta dushe ba.

Maman Ilham: Ngd sosai Anti Zuwaira. In na wanke zan iya zuba fura a ciki? Don Hajiyar ta ce da a ciki ake dama wa mai gidanta

Zuwaira Bida: Fura da nono kam ni ba zan ba ki shawara ba. Koren nan da kika gani guba ne, yana sa amai da murɗar ciki, kuma tsami da gishiri da damshi su suke fito da shi. Nono mai tsami in ya zauna a tagulla har ɗanɗanonsa canzawa yake. Tasoshin da ake cin abinci a ciki a ƙasashen da suke yawan amfani da tagulla kamar Indiya da Turkiyya ana shafe cikinsu da kuza ne, ki duba taki in cikin fari ne to an shafe, sai ki wanke cikin da sabulu kawai kar ki dirje shi ya fita. In kuwa launin ciki da waje ɗaya ne ki zuba goro ko dabino ko alawa ki ajiye a falo.

Hadiza Damagaram: Sannunku. Nan wajenmu binegir, wato khal, muke sawa da gishiri da ɗan garin fulawa a kwaɓa a shafa, fulawar don ya kama jiki ne kar ya zube. Ni kuma tawa matsalar azurfa ce, ina da sarƙa irin ta Agadas da awarwaro na gado sun yi baƙi, wata ta ce in sa jabel

Malama Rabi: KAR KI SA. Jabel ko Hypo ko kowane bilic baƙanta azurfa yake yi ya ci jikinta, zinari ma yana lalata shi. Kuma tunda an ambace shi, don Allah kowa ta ji, ba a haɗa bilic da khal ko lemun tsami ko wani abu mai tsami, iskar da ke tashi kulorin ce, a rufaffen banɗaki tana iya kwantar da mutum asibiti.

Ummu Sadiq: Azurfa ai man goge baki ne, minti biyu ta yi fari

Amarya Zee: Babana maƙerin farfaru ne, azurfa da zinari yake yi, kuma kullum faɗansa ke nan da mata masu man goge baki. Yana fari ɗin amma kankarewa yake, a azurfa zalla ba za ki gane da wuri ba sai ƙyallin ya mutu a hankali, in kuwa shafe ce aka yi wa tagulla to wata rana ja za ki gani ya leƙo. Ga yadda za ki yi Anti Hadiza. Ki shimfiɗa foyil a kwanon tangaran ko roba mai jure zafi, ki ɗora kayan a kai su taɓa foyil ɗin, dole sai sun taɓa, ki barbaɗa bekin soda babban cokali ɗaya ga kowane kofin ruwa, ki zuba tafasasshen ruwa ya rufe su. Za ki ji wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, kar ki damu aikin ne yake yi. Minti kaɗan ki cire ki ɗauraye ki goge da tsumma mai laushi. In babu foyil tsohuwar tukunyar dalma ma tana yi tunda ƙarfensu ɗaya, sai dai ita za ta yi baƙi.

Hadiza Damagaram: Bikarbonat ke nan ko? Wanda ake saidawa a farmasi

Amarya Zee: Shi ne. Amma ba bekin foda na kek ba, wannan an haɗa shi da wasu abubuwa ba ya yi sosai.

Malama Rabi: Abin da ya sa wannan ya fi, baƙin azurfa ba tsatsa ba ne, farar wuta ce da ke cikin iska da ƙwai da albasa da roba take haɗuwa da ita. Foyil ɗin yana janye farar wutar ya bar azurfar a wurinta, ba a rage komai ba. Ga shi dai dangin kanwa da suka ɓata tukunyar Maman Ilham su ne suke gyara sarƙar Hadiza.

Amarya Zee: Sai dai Anti ki duba sarƙar tukun. Aikin Buzaye da yawa da gangan maƙeri yake baƙanta cikin zanen don ya fito, in kika tsoma ta a ruwan foyil duk zai tafi ta koma fara fat zanen ya ɓace a ido. In akwai dutse ko baƙin itace ko fata a jiki ma kar ki tsoma. Irin wannan tsumma kawai da ɗan ruwan sabulu a goge saman. Awarwaron in sumul ne ki tsoma abinki. Tsofaffin na gado da yawa daga kuɗin azurfar nan mai hoton sarauniyar Ostiriya aka narka su, wanda duk 1780 ne a rubuce a jikinsa ko da yaushe aka buga shi, Baba yana cewa suna da tagulla a ciki fiye da na yanzu masu lamba 925.

Fa'iza Kaduna: Zee tunda kina nan, zinari fa? Ɗan kunnena ya dushe

Amarya Zee: Zinari na gaske ba ya tsatsa ba ya baƙi, maiƙon jiki ne da man shafawa da turare suke rufe shi. Ruwan ɗumi da ɗigon sabulun wanke kwano, ki jiƙa minti 15 ki bi da buroshi mai laushi na yara, shi ke nan. Ki duba lamba a jiki, 750 shi ne karat 18, 875 shi ne 21, 916 shi ne 22. In kin wanke bai dawo ba ko kika ga yana kore a kunnenki to ki koma wa wanda ya sayar miki da rasit ɗinki.

Fa'iza Kaduna: A lefe aka sa min, babu rasit 😭

Ummu Sadiq: To ki bar shi da dushewarsa ki zauna lafiya da dangin miji hhhh

Maman Twins: Ni a TikTok na ga ana haɗa khal da bekin soda ya yi kumfa fuuu a zuba a tukunyar da ta ƙone, ina yi kuma yana min aiki

Malama Rabi: Kumfar ce take burge mutane Maman Twins. Ɗaya mai tsami ɗaya ɗan gidan kanwa, da sun haɗu kashe juna suke, abin da ya rage kusan ruwan gishiri ne. Ki yi amfani da su ɗaya bayan ɗaya za ki ga bambanci.

Maman Twins: Malama ni dai idona ya gani, ƙanzo ya tashi

Malama Rabi: Kin jiƙa shi da ruwan zafi kin bari ya ɗan jima?

Maman Twins: Eh mana

Malama Rabi: To ruwan zafin ne da ragowar sodar da khal bai kashe ba. Gwada sodar kaɗai a tukunyar silba ki tafasa, ki ajiye khal ɗinki don farin dabbaren nan da ruwan burtsatse yake bari a buta da kettle, shi kam tsami ne kawai maganinsa.

Maman Twins: Zan gwada amma ban yarda ba tukun

Anti Balki Sakkwato: Ku hwaɗa wa amare kuma kar a sa soson ƙarhe ga kwanon samira da tukwanen nan na nonistik na kayan ɗaki. Samira gilashi ne anka shahe ƙarhe da shi, in ya ɓantare tsatsa ta shiga ba ta hita.

Zuwaira Bida: Silba ma soson wayar nan mai arha yana barin ƙananan ƙarfe a jiki su yi tsatsa, sai ki ɗauka tukunyar ce jabu

Sa'a mai masa: Ni kuna ta maganar ƙyalli, tandar masa ta ta ƙarfe ce na yi tafiya na dawo na tarar ta yi tsatsa ja wur, yarinyata ta wanke ta da omo ta kife a tsakar gida da damina. In sa mata tsamiyar?

Hajiya Umma: Wannan kam ku bar min, ba ta Malama ba ce. Kar ki jiƙa ta a tsamiya, baƙin ƙarfe in ya sha tsami ya fito iska ta buge shi tsatsar dawowa take kafin ki juya. Toka da ɗan ruwa, ko gishiri mai tsakuwa da rabin dankalin turawa, ki bi kowane gurbi ki dirje har jan ya ƙare. Ki ɗauraye ki ɗora a wuta nan take ta bushe ƙarau. Tana da zafin ki shafe ta da man gyaɗa siriri da tsumma, ki bari ta yi hayaƙi, ki sauke ta huce ki sake, kamar sau uku. Zubin farko zai kama, na yara ne, kar ki kai wa masu saye. Daga nan kuma babu ita babu omo, in kin tashi aiki tsumma da mai kawai, ki rataye ta a ɗaki ba a tsakar gida ba.

Malama Rabi: Ban da abin ƙarawa ko ɗaya Umma

Sa'a mai masa: Manja zai yi a madadin man gyaɗan? Shi ne da ni yanzu

Hajiya Umma: Zai yi amma yana danƙo kuma masar farko za ta fito ja da warinsa. Ki aiki yarinyar ta sayo na gyaɗa ko na ɗari biyu ne, tunda ita ta jawo.